Harshenmu da dukiyarmu: jawabi ga makiyaya da ƴan kasuwar bisashe

 

Sarakunanmu, arɗo-arɗo da garso-garso, fatake da dillalai, iyayenmu mata masu nono, da samari masu sanda, muna gaishe ku gaba ɗaya. Ina gajiyar tafiya? Yaya iyali? Yaya dukiya?

To, kun ji mun ce "yaya dukiya", kuma duk wurin nan ba wanda ya tuna da kuɗin aljihunsa ko gidan bulo. Kowa garkensa ya tuna. Da Fulatanci ma haka ne, jawdi ita ce dukiya, ita ce bisashe, kalma ɗaya. Amma ku shiga birni ku yi wa ma'aikacin banki wannan gaisuwa, ba saniya zai tuna ba. Harshe ɗaya muke yi da shi, Hausa, amma abin da ke cikin kalmar ya bi rayuwar mai faɗinta. A kan wannan muke so mu yi magana yau. Mun san wasu sun zo ne su ji labarin allura da na dusa, kuma za a zo kansu. Amma shekarun da muka yi muna raka makiyaya gaban hukuma sun nuna mana cewa sau da yawa shari'a tana kuɓuce mana tun a baki, tun ba a je ga gona ko rijiyar da ake rigima a kai ba.

Mu ba malaman jami'a ba ne. Karatunmu a lakwal ɗin firamare ya tsaya, sauran a bayan shanu da cikin kara muka koye shi. Abin da muka gani za mu faɗa.

Mu fara da kalmar da ta fi kowace cin kuɗinmu, wato ɓarna. In saniya ta sa baki a gona, sunan abin ɓarna. Yaro ya san sunan, mai gari ya sani, jandarma ya sani, akwai masu kiyasi, akwai tara, akwai wurin tsare bisashe. Ba mu musanta ba, gero guminsa ne na manomi, wanda ya ci masa ya biya. To amma in gona ta ci burtali fa? In an nome mashaya, an shuka wake har bakin tabki, an kewaye rijiya da gonaki ta ko'ina? Ku saurari yadda ake faɗi: wane ya ƙara gona. Wane ya yi saran daji. Wane ƙoƙari gare shi. Kun ji, ɗaya laifi ne mai suna, ɗaya kuwa har yabo ake yi. Abin da ba shi da sunan laifi a bakin mutane, ba a kai ƙararsa, in an kai ma mai sauraro ba ya jin an yi wani abu. Shi ya sa a ƙungiya muka tsai da shawara, duk inda muka tsaya gaban Kofo ko gaban sarki, cin burtali ɓarna za mu kira shi. Ɓarnar burtali, ɓarnar mashaya. Ku ma ku riƙa faɗin haka har kunne ya saba.

Ita kanta kalmar burtali daga Fulatanci Hausa ta ɗauko ta, daga burtol. Haka rugga, haka kindirmo, haka arɗo. Kai, har cikin ɗakin Bahaushe: kawu, goggo, baffa, duk daga bakin Fulani suka shigo. Daga wajen Abzinawa kuma aka samo ayari da amale da akala da takobi. Mutum ba ya aron sunan kawu daga wanda bai taɓa haɗa zuri'a da shi ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku makiyayi baƙo ne a ƙasar nan, ku tambaye shi yadda yake kiran ƙanen uwarsa.

Sai kalmar daji. A bakin manomi, daji shi ne inda gatari bai kai ba tukuna, wurin da ke jiran mai sara. A bakinmu kuwa, ladde gida ne. Kowane kwari da sunansa, kowane tabki an san watan da yake ƙafewa, an san inda ƙarangiya take, an san inda ƙasa ke da kanwa, an san rijiyar da kakan wane ya haƙa. Da Nasara ya zo, sai ya bi bakin mai gona, ya rubuta a takardunsa cewa ƙasar da ba a nomawa ƙasa ce wadda ba kowa, ba mai ita. A 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce. Don talaka manomi aka yi maganar, kuma ta taimaki da yawa, amma mu ta bar mu a waje, don shaidar hauya tana zama a ƙasa, sawun kofato kuwa iska ɗaya ke shafe shi.

Ga abin da ya faru a gabanmu, ba za mu faɗi gari ba. Mun raka wani dattijo zaman sasanci a kan wani fili da danginsa suka fi shekara 40 suna yin damina a cikinsa. Mai rubutu da Faransanci yake rubutu, tafinta yana juyawa da Hausa, dattijon kuwa Hausarsa ta kasuwa ce, Fulatanci ne harshensa. Aka tambaye shi: "Filin nan naka ne?" Ya ce: "Ƙasa ta Allah ce." Duk wanda ya tashi a rugga ya san abin da yake nufi. Yana nufin ba ya hana wani makiyayi sauka, ba ya sayarwa, kuma ba ya iya buɗe baki ya ce ya mallaki abin da Allah ya shimfiɗa. Ladabi ne. Amma abin da ya hau takarda shi ne, ya amsa da bakinsa cewa ba shi da haƙƙi a wurin. Aka miƙo tawada ya dangwala yatsa. Sai da muka yi kusan shekara biyu muna kai da kawowa kafin a yarda a sake zama, kuma kafin nan an riga an nome rabin filin. Tafintan ba mugu ba ne, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Maganar ya juya, bai juya nufin ba.

Abin takaici, doka tana tare da dattijon nan, shi ne bai sani ba. Kundin dokokin karkara na ran 2 ga Maris 1993, wanda ake kira Kod Rural, ya yarda cewa makiyaya suna da haƙƙin fifiko a wurin da suka saba zama mafi yawan shekara. Ba mallaka ba ce irin ta gona, ba za ka hana wani shayarwa ba, amma kai ne na gaba, kuma ba a ƙwace maka haka kawai. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa tafiya da bisashe haƙƙi ne na asali ga makiyayi, hukuma ce ke da nauyin kare shi. Tun kafin su akwai dokar 1961 da ta ja iyakar noma ta arewa, ta ce gonar damina da aka yi bayan layin ba bisa ƙa'ida ba, in dabba ta shiga, babu biyan diyya. Mutum nawa ne a nan aka taɓa karanta wa waɗannan da harshen da yake mafarki da shi? Da Faransanci aka rubuta su. Da an tambayi dattijon nan, "Ina ruumirde ɗinka, ina ka saba yin damina, tun yaushe?" da ya ba da amsar da za ta cika takarda uku, da sunan kowane tabki da kabarin mahaifinsa.

Kun ga nan ma wata kalma ce. A rediyo ana cewa makiyaya suna yawon kiwo. Yawo kuwa a Hausa na marar aikin yi ne, shi ake ce wa ya cika yawo. Mu ba yawo muke ba. Bafillace yana da suna ga wurin damina, ruumirde, yana da suna ga wurin rani, seeɗirde, Bahaushe ma ya san mashekari. Garso ba ya ta da garke sai ya tafi ya dubo ciyawa da ruwa ya dawo. Masu hawa Ingal lasar gishiri sun san watan tashi, sun san zangon kowace rana, tun kakanni. Wanda ya kira wannan yawo, gobe in aka ce a hana, ba zai ga an hana komai ba. A jihar Binuwai ta Nijeriya an yi dokar hana kiwon sake a 2017, ƙasar Benin kuma ta rufe wa garkunan waje hanya a ƙarshen 2019. Kafin a rubuta irin waɗannan dokoki, an daɗe ana kiran aikinmu da sunan da ke sa a ga kamar sakaci ne.

Ba wajen wasu kaɗai laifin yake ba, mu faɗi namu. Tarbiyyar da aka yi mana, pulaaku, ta koya mana semteende da munyal, kunya da haƙuri. Da su muke taƙama, kuma da gaskiyarmu. Amma a gaban teburin hukuma suna juyewa su zame mana igiya. An koya mana babba na magana ba ka ɗaga kai, ba ka katse shi. Mai shari'a kuwa in ya ga ka sunkuyar da kai ka yi shiru, sai ya ɗauka ka amsa laifi. An koya mana ba a faɗin yunwa. Masu ƙidayar agaji su zo rugga a shekarar fari su ce yaya gida, mai gida ya ce lafiya lau, sai alheri, alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Su rubuta lafiya lau su wuce. An koya mana ba a ƙirga shanu a faɗa, sai a zo rabon dusa ko allura a ce mutum ya faɗi adadi, ya ce ƴan kaɗan ne, a ba shi na ƴan kaɗan. Har wajen takardar haihuwa mun ga uwa ta kasa faɗin sunan ɗanta na fari, don ba a faɗi, ma'aikaci ya yi tsammani ba ɗanta ba ne. Ba mu ce a zubar da kunya ba, Allah ya kiyaye. Mun ce duk rugga ta sami mutum ɗaya ko biyu, namiji ko mace, da aka ɗora wa nauyin magana a irin wannan wuri, kowa ya san ba rashin kunya yake yi ba, aiki aka ba shi. In uwa ba ta iya faɗin suna, goggo ta raka ta.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku kuka fi kowa sanin nauyin kalma. A Bakin Birji ko Tanut ko Kundumawa, ana sayar da bijimin jika ɗari huɗu ba takarda ko ɗaya. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka. Ku duba, bai ce a'a ba, bai ce ka raina mini dabba ba, addu'a ya yi, don gobe ma za a haɗu. A ƙara, dillali ya shiga tsakani, har a kai inda zai ce na sallama. Daga wannan kalma saniya ta tashi daga hannu ta koma wani, ko da kuɗi sai kasuwa mai zuwa. Wanda ya ce na sallama ya dawo ya warware, ya gama ciniki a wannan kara, ba alƙali ya hana shi ba, mutane ne. Hatta lissafi namu daban ne. Baƙo ya ji an ce dala ashirin sai ya rubuta 20, alhali tamma 100 ake nufi. Jika a nan sefa 1000 ce, ka ƙetara Maigatari ko Mai'aduwa jaka naira 200 ce. Yanzu da ciniki ya koma ta salula, ana turo hoton sa daga Legas ana tayawa, muna jin ƙorafi ya yi yawa: na ce, ban ce ba. A kara akwai shaidu, dillali yana cin la'adarsa ne don ya tsaya a kan maganar da aka yi. A salula ba kowa sai ku biyu. Shawararmu, in za a sallama ta waya, a sa mutum na uku a kan layi, ko a aika maganar da murya ta zauna a ajiye.

Akwai kalmar da muke so mu daɗe a kanta kaɗan, habbanaye. Mun sha neman fassararta da Hausa ko Faransanci, ba mu samu ba. Ba aro ba ce, don mai aro ba ya riƙe abin da aka haifa. Ba bashi ba ce, ba riba, ba ranar biya. Ba kyauta ba ce, don uwar za ta koma gida. Ba sadaka ba ce, don wanda aka ba ba ya jin an ƙasƙanta shi, yana jin an girmama shi ne. Ka ɗaure wa ɗan'uwanka karsana, ta zauna a garkensa, ya sha nono, ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wurin, maruƙan nasa ne, sannan ya maido maka da ita. Kuma ya fi kula da ita a kan nasa na kansa, in fari ya zo ita ce ta ƙarshe da zai yarda ta faɗi. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Maraɗi suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya a lokacin, gidaje da yawa da wannan suka sake tsayawa da ƙafafunsu. Daga baya masu poroje suka ji daɗin sunan, suka ɗauka suna rabon awaki da shi. Mun gode, awaki sun yi amfani. Amma abin da ake rubuta sunanka a jeri, kwamiti ya zaɓe ka, a ce wata goma sha takwas ka miƙa wa na gaba, wani abu ne daban. A habbanaye ta gaskiya mutum ne ya dube ka ya ce na yarda da kai. Tsoronmu shi ne yaranmu su tashi suna tsammanin habbanaye sunan poroje ne. Mun tambayi wasu samari da suka girma a gari, Fulatancinsu ya tsaya a gaisuwa, ba su iya bambanta ta da bashi ba. Yaron da bai san kalmar ba, ranar da ɗan'uwansa ya rasa garke ba zai san akwai abin da ya hau kansa ba.

Haka sunayen shanu. Bahaushe yana da maraƙi da karsana da bijimi da guzuma. Baboɗeejo kuwa kowace saniya da sunanta, sunan uwarta take ɗauka, yana iya ja maka asalinta uwa bayan uwa kamar yadda maroƙi ke jan asalin sarki. Da haka ya san wadda zuri'arta ke jure ƙishirwa, da wadda bai kamata a haɗa da wane bijimi ba. Wannan ilimi ba ya cikin littafin likitan dabbobi, a cikin harshe yake zaune.

Yanzu sai magana mai nauyi. A ƙarshen Oktoba 1991, ana tsakiyar Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe mutum fiye da 100 a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Muna yara a lokacin, amma ba wanda ya manta yadda iyayenmu suka yi shiru da labarin ya iso. Rigimar gona ce tsakanin mutane ƙalilan. Abin da ya kai ta ga matan da ba su san an yi ba shi ne, an daina cewa wane ya yi, an koma cewa Fulani sun yi. Yau ma muna jin irinta. In Bahaushe ya yi sata, a ce ɓarawo. In ɗan rugga ya yi, a ce Fulani. Ba mu ɓoye ba, akwai ƴaƴan makiyaya cikin ƴan bindigar da suka addabi iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara, kuma mu ne farkon waɗanda suka kora wa shanu. A kira su da sunan aikinsu, ɓarayi, ƴan fashi, masu satar mutane. Muna roƙon ƴan jarida da masu rediyon karkara su kula. Har a rubutu: tsakanin makiyaya da maƙiya ƴar ƙugiya ce da harafi biyu, mun taɓa ganin takardar gayyata da aka buga da keken rubutu marar ƙugiya, aka kuma taƙaita, ta fito "taron manoma da makiya". An yi dariya a ranar, amma ba kowa ya yi ba.

Mu ma mu gyara bakinmu. In muna kiran manomi kaɗo da raini a cikin rugga, yaranmu na ji. Wanda ba ya son a ce masa Buzu a ce masa Ba'abzine, Woɗaaɓe ba su sa wa kansu Bororo ba. Kakanninmu sun bar mana maganin wannan, wasan taubashi: Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Ba'abzine da Bazabarme. Ka ce wa mutum bawana a bakin rijiya, ya ce kai ne nawa, a yi dariya, a ba ka guga. Hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Mun ga rigimar da jandarma suka kasa kashewa, wani tsoho Babarbare ya zo ya zazzage Fulanin wurin da zagin wasa, kowa ya mai da sandarsa kafaɗa. Da baƙo ne ya faɗi rabin abin da ya faɗa, da an zub da jini.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ga makiyayi wannan sauƙi ne, don wanda ke jin Hausa a cikinmu ya ninka mai jin Faransanci nesa ba kusa ba. Amma in za a juya dokokin kiwo da Hausa, muna so a zauna da mu, kar a ba wanda bai taɓa kwana a mashekari ba ya rubuta yawo inda ya kamata ya rubuta tafiyar kiwo, ko ya rubuta daji inda muke cewa makiyaya. Kuma a juya su da Fulatanci da Tamajak da Tubanci da Larabci, don dattijon da muka ba ku labari ba Hausa ce ta cece shi ba.

Kafin a tashi, ga abin da muke nema gare ku. Kada kowa ya sake dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba, ko wa ya miƙo ta. Ka ce a jira wakilin ƙungiya, ba laifi ba ne, ba raini ba ne. In an kira ka gaban Kofo, tafi da naka tafinta wanda ya san kiwo. Sannan kowane arɗo ya zauna da tsofaffinsa kafin sakin gonaki, a lissafo sunayen burtali da tabkuna da rijiyoyi da wuraren damina na yankinsa, da sunan da ake kiransu tun dā, ko da Fulatanci ne ko Tamajak. Wanda ba shi da mai rubutu ya ɗauka da murya a salula. Sakatare zai bi kasuwa-kasuwa ya karɓa, za mu haɗa su mu kai wa Kofo ta kowace komin a sa cikin rajista.

Yanzu sai a ba likitan dabbobi wuri ya yi bayanin allurar bana.